Daga Ina Kalmar "Mama" Ta Fito?

Idan aka ɗauko yaro ɗan shekara biyu daga birnin Beijin, aka ɗauko wani daga Mosko, wani daga Zanzibar, wani kuma daga tsaunukan Andis na ƙasar Peru, aka tara su a ɗaki guda, babu wanda zai gane maganar ɗan'uwansa. Amma da zarar iyayensu mata sun fita an ja ƙofa, su huɗun za su fashe da kuka suna kiran kalma ɗaya tak, wato mama. Sinanci da Rashanci da Swahili da Kechuwa harsuna ne na dangi huɗu daban-daban, waɗanda masana ba su gano wani kaka da ya haɗa su ba, kuma a yawancin tarihinsu masu magana da su ba su taɓa yin ido biyu da juna ba. To, ta yaya suka yi tarayya a kan wannan kalma, kuma da ma'ana guda?

Masana ilimin harsuna suna da amsoshi uku da suka saba bayarwa idan kalma ta yi kama da wata a harsuna biyu. Ta farko ita ce gado. Kalmar uba a Latinanci "pater" ce, a harshen Sanskirit na Indiya "pitar", a Turanci kuma "father", domin duk jikokin tsohon harshe ɗaya ne. Ana tabbatar da gado ne ta hanyar ƙa'ida: duk inda Latinanci yake da "p" a farkon kalma, Turanci yakan zo da "f", a kalmar uba, da ta kifi, da ta ƙafa, kamar yadda Bajamushe Jacob Grimm ya tsara a 1822. Amsa ta biyu ita ce aro, kamar yadda "kitab" ta Larabci ta bi malamai da fatake ta zama "kitabu" a Swahili, ta zama littafi a Hausa.

Amsa ta uku ita ce arashi, kuma ya fi yadda mutane suke zato yawa. A Farisanci, kalmar da ke nufin mummuna ita ce "bad", daidai da ta Turanci a furuci da ma'ana, alhali kowacce da tushenta daban. Wanda ya fi wannan ban mamaki shi ne abin da masani Robert Dixon ya tarar a arewacin Ostireliya, lokacin da yake rubuta harshen Mbabaram gab da ƙarewar masu jin sa: sunan kare a wannan harshe shi ne "dog", kamar dai a Turanci. Da aka bi diddigi, sai aka ga kalmar ta samo asali ne daga tsohuwar siga "gudaga", wadda har yanzu ake samu a wani harshe maƙwabcinsa, baƙaƙe da wasula suka yi ta zubewa har ta koma haka. Kama da wane ba ta wane. Sautukan da bakin ɗan Adam yake iya furtawa ƙididdigaggu ne, harsunan duniya kuwa sun kai kimanin 7,000, don haka dole a riƙa cin karo da irin wannan jefi-jefi.

Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikin amsoshin nan uku da ta ɗauki mama. Ba gado irin na "pater" ba ce, domin harsunan ba dangi ɗaya ba ne. Ba aro ba ce, domin an same ta a bakin al'ummomin da teku ya raba su tun kafin jiragen Turawa su isa gare su. Ba arashi ba ce kuma, domin arashi sau ɗaya ko sau biyu yake faɗawa, ba ya maimaita kansa a nahiya bayan nahiya. A 1959 wani Ba'amurke masanin al'adun ɗan Adam, George Murdock, ya tattara kalmomi 1,072 da al'ummomin duniya suke kiran iyaye da su, 531 na uwa, 541 na uba, bayan ya yi ƙoƙarin tace waɗanda aka aro daga harsunan Turai. Ya tarar fiye da rabin kalmomin uwa sun ƙunshi sautin hanci irin "ma" ko "na", fiye da rabin na uba kuma sun ƙunshi irin "pa" ko "ta". Ya ajiye alƙaluman, ya nemi masana harshe su ba da dalili.

Wanda ya amsa kiran shi ne Roman Jakobson, haifaffen Mosko da ke koyarwa a Jami'ar Harvard, a wata maƙala da ta fito a 1960. Abin da ya ce a taƙaice shi ne a daina tonon tarihi, a dubi bakin jariri.

Bari mu dube shi da kyau. Tsakanin wata shida zuwa goma da haihuwa, jariri yakan fara gwaranci mai gaɓa-gaɓa, kuma a lokacin bai mallaki sarrafa harshensa da leɓɓansa ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da ya iya shi ne ɗaga muƙamuƙi da sauke shi, alhali murya tana fita. Idan baki ya buɗe sosai, harshe yana kwance bai yi komai ba, wasalin da ke fita shi ne "a". Idan baki ya rufe, leɓɓa suka haɗu, iska ta bi ta hanci, an sami "m". Idan hanyar hancin ta toshe, iska ta taru a bayan leɓɓa sannan ta ɓalle, an sami "b" ko "p". Idan kuwa kan harshe ya riga leɓɓa taɓa dasashi, sai a sami "d" ko "t" ko "n". Mai karatu zai iya gwadawa yanzu: ya saki murya, ya riƙa buɗe baki yana rufewa ba tare da ya motsa harshe ba, zai ji kansa yana cewa ma-ma-ma ko ba-ba-ba ko da bai yi niyya ba. Sautuka irin "r" da "s" suna bukatar ƙwarewar da sai daga baya take zuwa, shi ya sa ba a cika jin su a sunayen da jarirai suke kiran iyayensu ba.

Jakobson ya ƙara da wata lura da ta bayyana dalilin da ya sa "m" ta fi karkata ga uwa. Jaririn da yake shan nono bakinsa a cike yake, leɓɓansa a manne, saboda haka sautin da zai iya fitarwa kawai shi ne ɗan gurnani ta hanci. Daga baya yakan yi wannan gurnani idan ya hango abinci, ko yana jin yunwa, ko mai shayar da shi ta yi nisa. A wannan mataki jaririn ba sunan kowa yake kira ba, bukata yake bayyanawa. Uwa ce take jin sautin, ta amsa, ta maimaita masa tana nuna kanta, har ya gane cewa duk lokacin da ya furta wannan gaɓa, wannan fuska takan bayyana. Jariri ne ya kawo sautin, manya suka ɗora masa ma'ana.

Idan haka ne, ya kamata a sami wuraren da manyan suka ɗora wata ma'ana daban, kuma an samu. A ƙasar Jojiya, yaron da ya ce "mama" mahaifinsa yake kira, mahaifiyarsa kuwa "deda" ce, kuma a gabashin ƙasar "papa" kaka namiji ne. A harshen Pitjantjatjara na tsakiyar hamadar Ostireliya ma, "mama" uba ne. Kalmar "baba" uba ce a Turkanci da Sinanci da Swahili, amma a harshen Bulgeriya da na Sabiya kaka mace ce, kuma daga wannan tushe Rashanci ya sami "babushka". Hausa da kanta ta raba kalmar gida biyu da karin sauti, baba namiji da baba mace. Da a ce gadon kalma ɗaya ce mai ma'ana ɗaya, da wuya a ga uwa da uba da kakanni suna musayar suna haka. Abin da ake gani ya fi kama da 'yan gaɓoɓi kaɗan da jariri ya zube a tsakar gida, kowane mai reno ya ɗauki wadda ta yi masa.

Wani lokaci ma ba mutum ake ba sunan ba. A Latinanci "mamma" nono ne, kamar yadda mama take nufin nono a Hausa ban da uwa, kuma daga kalmar Latinancin nan ne masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa wa dabbobi masu shayarwa suna "Mammalia" a 1758. A maganar yara ta Jafananci, "manma" abinci ne. Ita kuwa "pappas" ta Girkanci, wadda asalinta kiran ɗa ne ga mahaifinsa, ta hau matsayi har ta zama laƙabin shugaban cocin Katolika, wanda muke kira Paparoma.

Duk da haka akwai masu ganin gado ne. Wasu 'yan tsiraru daga cikin masana, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Merritt Ruhlen na Amurka, sun ɗauki irin waɗannan kalmomi a matsayin ragowar harshen farko na 'yan Adam. Ra'ayi ne mai daɗin ji, amma a ganina hujjar da masanin harshe Larry Trask da wasunsa suka kawo a kansa ta fi ƙarfi, domin ta dogara ne a kan abin da aka gani a rubuce. Kalmomi suna zaizayewa. Kalmar da ta ba da "pater" a Latinanci ta zama "père" a Faransanci, ta zama "hayr" a harshen Armeniya, ta zama "athair" a harshen Ayalan, inda baƙin farko ya ɓace ɗungum, kuma duk wannan a cikin 'yan dubban shekaru ne. Babu wani dalili da zai sa mama ita kaɗai ta tsira daga wannan zaizaya tsawon dubun-dubatar shekaru. Abin da yake faruwa shi ne, idan tsohuwar kalma ta canja har ta fi ƙarfin bakin jariri, sai sabuwa ta tsiro a gefenta. Shi ya sa Bafaranshe yake da "père" da "mère" na takardar haihuwa, yake kuma da "papa" da "maman" na cikin gida, kamar yadda muke da uwa da uba a gefe guda, inna da baba a ɗaya gefen.

Babu inda aka ga wannan zagaye ƙarara kamar a Jafananci, domin an daɗe ana rubuta shi. A ƙarni na 8, kalmar uwa a wannan harshe "papa" ce, abin da zai rikita duk wanda ya saba da harsunan Turai. Sannu a hankali sautin "p" na Jafananci ya sassauta ya koma wani irin "f" da ake hurawa tsakanin leɓɓa biyu, kusan yadda Bahaushe yake furta shi, sai kalmar ta zama "fafa". Akwai shaida mai ban sha'awa a kan haka a wani kundin kacici-kacici na shekarar 1516, inda aka tambaya: mene ne abin da yake haɗuwa sau biyu wajen uwa, amma ko sau ɗaya ba ya haɗuwa wajen uba? Amsar ita ce leɓɓa, domin mai cewa "fafa" sai leɓɓansa sun kusanci juna sau biyu, mai kiran uba kuwa, wanda a yau ake furtawa "chichi", harshe kawai yake motsawa. Limaman mishan 'yan Fotugal da suka buga ƙamus ɗin Jafananci a Nagasaki a 1603 su ma da harafin "f" suka rubuta wannan sauti.

Bayan haka "f" ɗin ta sake sassautawa ta koma "h", kalmar ta zama "haha", kuma da ita Bajafane yake ambaton mahaifiyarsa a gaban baƙi har gobe. Kacici-kacicin ya daina aiki, domin mai cewa "haha" leɓɓansa ba sa haɗuwa ko kaɗan, har sai da masana suka yi bayani kafin masu karatu na baya su gane inda amsar ta dosa. Kalmar da ta fito daga bakin jariri ta yi tafiyar shekaru fiye da dubu, ta isa inda jariri ba zai fara da ita ba. A gidaje da yawa na Tokyo a yau, yara ƙanana suna kiran iyayensu da siffofin da aka aro daga harsunan Turai a zamanin baya-bayan nan, "mama" ga uwa, "papa" kuma, wadda kakannin kakanninsu suka san ta da ma'anar uwa, ta dawo a matsayin sunan uba.