Na je inda ake biyan mutum albashi don ya zana ganye

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Mutanen gida, musamman 'yan rumfar mai cajin waya ta bakin kasuwarmu, na san yanzu an yi wa waya ɗaya da'ira kamar tukubar mai tsire. Don Allah manya a ɗan matsa wa yara su gani, bidiyon yau nasu ne. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin garin nan ba ya jin lallashi.

Ga abin da ya fito da ni. Ranar Juma'a Yaya ta kira ni daga gida, ko gaisawa ba mu gama ba ta fara kawo ƙarar ɗanta. Wai ya samu gawayi ya cika bangon zaure da zane, tun daga kukar bakin rijiya har gawon gonar Baffa, babu inda ya bari. Babansa ya sa shi ya kwaɓa ƙasa ya shafe da hannunsa, aka kuma ja masa kunne cewa zane aikin marar aikin yi ne. Ta ce in yi masa faɗa tunda yana jin maganata. Na ce to Yaya, zan yi. Ga faɗan nan na zo yi, sai dai ban tabbata zai yi miki daɗi ba.

Bari in juya kyamarar. Nan sunansa Lambun Kew, a kudu maso yammacin Landan, gefen kogin Thames. Tun 1759 aka kafa shi. In na ce lambu kada ku kawo na albasa da tumatir irin namu na fadama a ranku. Wuri ne na bincike, akwai malamai da ɗalibai, kuma akwai wani gini da ni dai nake kira rumbu, inda aka adana busassun tsirrai kimanin miliyan 7, kowanne an matse shi an manna a takarda an rubuta inda aka tsinko shi da ranar. Ku riƙe maganar rumbun nan, za mu dawo kanta.

Wancan jan ginin da kuke hange shi na nufa. Wata mata ce ta gina shi da kuɗinta, Marianne North, aka buɗe a 1882. Zan rage murya in mun shiga.

Kai jama'a! Ku dubi bango. Babu masakar tsinke. Zane sama da 800 ne a nan, an jera su kafaɗa da kafaɗa, duk hannun mace ɗaya. Ba ta fara wannan yawo da gaske ba sai 1871, bayan rasuwar mahaifinta, tana da shekara 40 da 'yan kai. Ta je Jamaika, Burazil, Japan, Indiya, Ostareliya, Afirka ta Kudu, tana ɗauke da fentin mai da buroshi. Abin da ya bambanta ta da sauran masu zanen zamaninta, ba ta cire fure ta ajiye shi shi kaɗai a farar takarda, tana zana shi ne a inda ya tsiro, da dutsen da ke bayansa da tsuntsun da ya sauka a kai. Akwai tsiron da ta zana a tsibirin Borneo wanda masana ba su san shi ba sai a zanenta, aka sa masa sunanta, Nepenthes northiana. Na zagaya sau biyu ina neman wani abu namu, ko ɗorawa ko goruba a bakin fadama. Ba ta taɓa zuwa Afirka ta Yamma ba. Wannan ya ɗan tsaya mini a rai, ba zan ɓoye ba.

A jikin wannan ginin akwai wani sabon zaure mai sunan Shirley Sherwood, an buɗe shi a 2008, babu abin da ake baje kolinsa a ciki sai zanen tsirrai da makamantansa, ana sauyawa lokaci zuwa lokaci. Mutane na biyan kuɗin shiga lambun, su zo su tsaya gaban hoton ganye ɗaya minti 10 suna gyaɗa kai. Da a garinmu ne sai a ce a kai su a yi musu rukiyya.

To yanzu bari in zauna a bencin nan in ba ku labarin wadda ta buɗe mini ido, don ni ma da ra'ayin baban yaron nan na zo ƙasar nan.

Kun san karatuna a kan wuta-wuta yake, ƙudujin nan mai jan fure da ke cinye mana dawa da gero. Manomi ya san muguntarta ba a sama take ba. Tun tana ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar dawa ta yi ta tsotsa, kafin ta ɓullo ta riga ta gama ɓarna. Ina son in nuna daidai gurbin da take kama saiwar. Na ɗauki hoto ya fi 50, kowanne in ka duba sai ka ce taliyar da ta faɗi a taɓo. Malamina ya tura ni wurin wata dattijuwa, malamar jami'a ce, amma fanninta zane. Na tafi ina raina abin a zuciyata.

Ta karɓi saiwar, ta wanke, ta sa a ƙarƙashin madubin likita. Ta fi rabin awa ba ta taɓa fensir ba, kallo kawai take yi tana jujjuyawa da ɗan hantsaki. Sannan ta ɗauko kamfas mai tsini biyu, irin na akwatin lissafin 'yan makaranta, tana aunawa tana rubutawa. Na ce mata mu a Hausa muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na fassara mata, ta yi dariya, ta ce a aikinta ido shi ne babban maƙaryaci, abin da ya saba gani shi yake nuna maka, ba abin da ke gabanka ba. Bayan mako 2 ta ba ni takarda ɗaya, baƙi da fari, alƙalami da tawada kawai. Babu inuwar da aka shafa, duk ɗigo-ɗigo ne, inda duhu yake ɗigon ya yi yawa, inda haske yake ya yi ƙaranci. A ƙasa ta ja ɗan layi ta rubuta tsawonsa don mai dubawa ya san ainihin girman abin. Wallahi a takardar nan na fara ganin abin da na shekara ina karantawa.

Na tambaye ta yadda aka yi ta zama haka. Ta ce digirinta na farko a zane ta yi, ta fito tana yi wa masu buga littattafan makaranta hotuna, ana biyanta kowane shafi. Daga nan wani masanin ƙwari ya ɗauke ta ta zana masa fukafukai da ƙafafu, ta ga in ba ta san sunan gaɓoɓin ba ba za ta zana su daidai ba, sai ta koma aji ta karanci ilimin halittu. A hankali ta fara koyarwa na wucin gadi, ta yi digiri na biyu, ta yi digirin digirgir. Kuma ku ji wani abu: a fanninsu, baje kolin zane yana cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, kamar yadda ake duba maƙalar da masanin kimiyya ya wallafa. Za ta yi shekara 2 ko 3 tana bin tsiro iri ɗaya, ta haɗa jerin zane, a rataye a zaure, masana su zo su duba ko ta ƙara wa fure kunne ɗaya da Allah bai ba shi ba. Akwai ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, da ke shirya irin wannan baje koli tana ba da lambar zinare da ta azurfa, kuma alƙalan ba kyau kaɗai suke dubawa ba, har da gaskiyar abin.

Na san wani a rumfar nan zai ce, to ina amfanin wannan wahala ga waya mai kyamara a aljihun kowa? Ni ma na tambaya. Amsar tana gonar Baffa. Ku ɗauki gawo. Duk bishiyoyi suna ganye da damina, shi kuwa lokacin yake kaɗe nasa ya tsaya tsirara, sai rani ya yi kore shar, ya yi fure, ya zubar da 'ya'yan da awaki ke rububi. Wace rana za ka ɗauki hoton da zai haɗa ganye da ƙaya da fure da 'ya'ya da ƙwayar ciki? Babu ita. Mai zane kuwa zai bi shi wata da watanni ya tara su a shafi ɗaya. Ko kuka: furenta fari ne, yana reto a doguwar igiya, da almuru yake buɗewa, jemagu su zo su sha, kashegari ya yi yaushi. Mu da muka tashi a gindinta, mutum nawa ne a cikinmu zai iya faɗin yadda cikin furen yake? Sannan hoto yana ɗaukar ganye ɗaya ne da duk tsiyarsa, wanda fara ta gatsa, wanda ƙura ta rufe. Mai zane yana duba 20 ya fitar da kamannin da suka haɗa su duka. Ko busasshen furen da ya shekara 100 a rumbun can, sai su jiƙa shi a ruwan zafi ya saki jiki, su buɗe shi da allura su zana.

Sana'ar ba ta yau ba ce a wurin nan. Franz Bauer ya zauna a Kew yana zana tsirrai daga 1790 har ya rasu a 1840. Bayansa an yi Matilda Smith, wadda ta yi wa mujallarsu ta tsirrai zane sama da 2,300. Ita ce ta zauna gaban wani ƙaton fure mai warin mushe da ya buɗe a nan a 1889, ta daure ta zana shi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta majema da rana tsaka ya san irin jarumtar da ake nufi.

Mu koma rumbu. A cikin takardun can akwai tsirran ƙasarmu. Wani likita ɗan Sukotlan, J. M. Dalziel, ya yi aiki a Arewa a farkon zamanin Turawa, yana tsinkar ganye yana matsewa, har da na ƙasar Katagum, nan maƙwabtanmu. A 1916 ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban littafi kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Wa ya gaya masa wannan sabara ce, wannan marke, wannan kalgo? Wa ya ce masa ga wadda ake ba mai jego? Irin su Kawu ne, masu shiga daji da 'yar gatari su dawo da saiwa a buhu. Sunan likitan na nan a kan littafi, nasu kuwa babu. Ba zagin mutumin nake ba, da bai rubuta ba da wasu sunayen sun bi iska. Amma ɗorawar da muke daddawa da kalwarta, a littafin masana sunanta Parkia, don tunawa da Mungo Park, Baturen nan da ya yi yawon binciken kogin Kwara. Kukar miyarmu Adansonia, sunan wani Bafaranshe da ya gan ta a Senegal. Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ka san itace ya fi 100 da ka, da inda kowanne yake fitowa tsakanin garinmu da fadamar Baturiya. Da yawansu yanzu sai an yi tafiya kafin a gani, gatarin masu gawayi da na masu faɗaɗa gona bai bar su ba. Kuma babu wanda ya taɓa zama kusa da kai da takarda.

Saura maganar da na san tana bakin Malam Liman, Allah gafarta Malam. Zanen mai rai magana ce ta malamai, akwai bayani a kanta, ni ba zan shiga hurumin da ba nawa ba. Amma ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya gargaɗe shi game da surar masu rai, sannan ya ce in dai dole sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Yaron nan kuka da gawo ya zana. A tambayi Malam a ji.

Kuma kada a ɗauka abin baƙo ne a wurinmu. Ku je Birnin Kudu ku ga shanun da mutanen dauri suka zana a jikin duwatsu. Ku juya naira 20 ku ga Ladi Kwali, wadda tukwanenta ke ɗauke da ƙadangaru da kunamu da kifaye, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A Zariya ɗin nan akwai sashen koyar da zane da ya girmi 'yancin kan Najeriya.

Yaya, ba zan yi miki ƙarya in ce akwai kuɗi a ciki kamar likitanci ba. Ita kanta malamar ta ce guraben aikin dindindin kaɗan ne, yawancinsu sai sun haɗa da koyarwa da ƙananan kwangiloli, kuma ta yi shekarun da kuɗin haya ke hana ta barci. Boko da allo dai kada ya saki ko ɗaya, domin wanda bai iya lissafin awo da karatu ba ba zai yi wannan aikin ba.

Kai kuma ɗana, matso kusa da wayar. Bangon zaure na babanka ne, ka bar masa abinsa, ka kuma ba shi haƙuri. Na tura wa mai shagon littattafai na Haɗeja kuɗi, ranar kasuwa direban garinmu zai taho maka da littafin zane marar layi, da fensir 6, da magogi, da rula. Ka je ka gaishe da Kawu, ka roƙe shi ya bar ka ka riƙa bin sa daji ranar Alhamis da Juma'a da babu makarantar allo. Itace ɗaya a shafi ɗaya. Ka fara da aduwa, tana nan a bayan makarantarku. Ka zana reshe da ƙayarsa, ka ƙirga ganyen kafin ka zana, za ka ga bibbiyu suke fitowa. Ka fasa ɗan ka zana cikinsa. Ka auna da rula ka rubuta. A ƙasa ka sa sunan da Kawu ya faɗa, da boko da ajami, da ranar, da wurin, sannan ka rubuta cewa shi ya faɗa maka. In ka gama a ɗauka a waya a turo mini, na yi wa malamar alkawari zan nuna mata ranar Talata ta sama.

Ga mai gadi can yana nuna mini agogo, da hunturu da wuri suke rufewa, kuma cajina saura kashi 4. A gaida Inna, a ce mata kukar da ta aiko ta kusa ƙarewa.