Jam'iyyar AfD a Jamus: Ba Sai Ta Hau Kujera Ba

Masu sauraronmu a Aboabo, Asawase, Sabon Zango da kewaye, assalamu alaikum.

Yau Jamus muka nufa, kuma ga mutumin Kumasi Jamus ba ta da nisa. Da wuya ka bi layi a garin nan ba ka ga gidan da wani boga, wato ɗan Gana mai zama a Turai, ya gina ba. Sunan ma daga birnin Hamburg aka samo shi, inda 'yan Gana suka yi kaka-gida tun shekarun 1970 da 1980. Kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, har ragon layya, a gidaje da yawa daga can suke zuwa. Shi ya sa ko a kasuwar Kejetia ake tare ni ana tambaya: Malam, wai jam'iyyar nan ta AfD mai ƙin baƙi za ta karɓi mulki?

A 2013 aka kafa ta, kuma lokacin ba baƙi ne a gabanta ba, kuɗin yuro take yaƙi da shi da tallafin da ake bai wa Girka. A zaɓen shekarar ko majalisar tarayya ba ta shiga ba. Kakarta ta yanke saƙa ne a 2015, da shugabar gwamnati ta lokacin, Angela Merkel, ta buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijira, da yawansu daga Siriya. A 2017 ta samu kashi 12.6 cikin 100, a 2021 ta ɗan ja baya. Ranar 23 ga Fabrairu 2025 sai ga ta da kashi 20.8, kujera 152 cikin 630, ita ce ta biyu, ta haye kan SPD, jam'iyyar da ta girme ta da shekara fiye da 100.

To amma Jamus ba Gana ba ce. Mu nan tsakanin NDC da NPP wanda ya haura rabin ƙuri'u ya kwashe komai. Can sai an yi ƙawance kafin a kafa gwamnati, kuma sauran jam'iyyu sun sha alwashin ba za su haɗa kai da AfD ba. Katangar hana gobara suke kiran wannan alwashi. A jihar Thuringia ita ta zo ta ɗaya a 2024, amma tana kallo wasu suka kafa gwamnati. A ganina, ko a zaɓen 2029 da wuya shugabarta Alice Weidel ta zama shugabar gwamnati.

Sai dai kada wannan ya sa mu yi barci da munshari. Ranar 29 ga Janairu 2025, Friedrich Merz na jam'iyyar CDU ta masu ra'ayin mazan jiya, yana madugun adawa, ya kai ƙudurin tsaurara dokar shige da fice, kuma da ƙuri'un AfD ya wuce. Katangar ta tsage kenan, ko da ba ta faɗi ba. Da ya hau mulki a watan Mayu, aka fara mayar da masu neman mafaka tun daga kan iyaka, aka dakatar da kawo iyali na shekara biyu ga wani rukunin 'yan gudun hijira, aka kuma soke hanyar gaggawa ta samun fasfo cikin shekara uku. Ba AfD ce ke riƙe da alƙalami ba, amma tsoronta ne ke juya hannun mai rubutun.

Abin ban dariya, ƙarfinta a gabashin ƙasar yake, inda baƙin ma ba su da yawa. A Hamburg da ke cike da su, kashi 7.5 kacal ta samu a zaɓen jihar na Maris 2025.

Saboda haka idan ɗan'uwanku ya bugo waya a makon nan, kafin zancen sedi da yuro, ku tambaye shi ina aka kwana kan takardunsa. Dokar 2024 tana nan: wanda ya yi shekara biyar da izinin zama, ya iya Jamusanci, yana ciyar da kansa, zai iya neman fasfon Jamus ba tare da ya ajiye na Gana ba. Ya nema tun majalisa ba ta sake zama a kanta ba.

Sai gobe idan Allah ya kai mu.