Yadda muka juya injin busar da kaya zuwa tukunyar gas a Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau a bayan shagon wanki kuka same ni, ku yi haƙuri da ƙarar fanka. Ga shi nan, injin busar da kaya ne ɗan Amurka, na hannu, daga kasuwar gwanjo muka ɗauko shi. Na san wani zai ce duk ranar Saudiyya me za a yi da injin shanya? To wanda bai zauna Jidda ba ne. Danshin tekun nan, ka shanya tawul da safe, la'asar ka same shi yana wari. Ga lokacin Umara, haramai tuli guda, kowa yana son nasa kafin magariba.

Saura ƙiris in yi ɓarna. Ina kawo shi na jawo tukunyar gas, wadda a nan suke ce wa dabba (ba ta kiwo ba fa), zan haɗa tiyo. Sai Kawu, dattijon da ke mana gyara, ya riƙe min hannu. Ya ce, "Yaro, ka karanta takardar da ke jikin ƙofar?" Na ce, "Kawu, ai gas gas ne." Ya yi dariya kawai.

Ashe an saita shi ne a kan gas ɗin bututu da ake ja wa gidaje a Amurka, wanda yawancinsa metan ne. Na tukunyarmu kuwa furofen ne da butan. Idan ka ɗebi awo ɗaya, ƙafa ɗaya ta kowane gefe, na bututu zafin BTU (ma'aunin zafi ne) kusan 1,000 yake bayarwa, furofen kuwa kusan 2,500. Ninki biyu da rabi ke nan. Kuma ƙarfin turinsu, wanda ake aunawa da tsayin ruwan da gas ɗin zai iya turawa sama a tiyo, ba ɗaya ba: na bututu inci 3.5 na ruwa yake isa bakin wuta, furofen wajen inci 10 zuwa 11.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan ɗan nozil ɗin tagulla mai ramin da gas ke fita, bai kai kan yatsa ba? Duk rigimar a nan take. Na gas ɗin bututu ramin ya fi faɗi, tunda gas ɗin ba shi da ƙarfi sai an sake shi da yawa. Ka tura masa na tukunya ta wannan ramin, wuta za ta tashi ja, ta yi kunkunniya, ta ƙona kayan mutane, ta cika ɗaki da iskar nan mai kisa wadda ba a jin warinta. Masu kallo daga Amurka da ke son komawa daga furofen zuwa na bututu, aikin ɗaya ne, juya shi kawai za ku yi: babban nozil ya shiga, ƙarami ya fita. In kun bar ƙaramin, wuta za ta yi sanyi, kaya su yi ta juyawa ba su bushe ba.

Mun kashe gas, mun zare wuta, Kawu ya buɗe murfin ƙasa ya kwance bututun wutar. Da sufana ya cire tsohon nozil ya ɗaura sabo, sannan ya canja ɗan murfin da ke kan regiletar injin, mai daidaita ƙarfin gas. Duka a leda ɗaya suka zo, da lambar injin muka yi oda. Akwai masu toshe ramin da dalma su sake huda shi da allura. Ni dai ban yarda da wannan ba, kuɗin ledar nawa ne?

Lantarki ma sai da muka sa taransifoma, don shi 120 yake ci, shagon kuwa 220 ne.

Yanzu ga kumfar omo a kan kowane mahaɗi. In ta yi ƙwai, akwai yoyo. Kada wanda ya gwada da ashana, don Allah. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru, ba ya tashi sama kamar na bututu.

Babu ƙwai ko ɗaya. Kawu, a kunna? Ku duba ta wannan 'yar tagar: shuɗiya tas, ba ja ko kaɗan. Bari in manna takardar da ke nuna an juya shi zuwa gas ɗin tukunya, sai in zuba haraman nan, mai su yana tafe bayan la'asar.