Fam 200 a aljihu, tayoyin gaba sun suɗe: yadda na yi a Bradford

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a waje nake, ga ni tsugune a ƙofar gida nan Bradford, kuma sanyin Nuwamba ya fara shiga ƙashi. Bari in kawo kyamarar kusa da ƙafar motar nan ku gani da idonku. Wannan tsabar kwabo 20 ce ta nan Ingila. Ku lura da zoben da ya kewaye bakinta. Idan ka cusa ta cikin zanen taya, zoben nan ya kamata ya nutse ya ɓace. To ku duba tawa. Ga zoben nan a fili, kusan duk ana ganinsa. Na gwada wuri uku a wannan tayar, na gwada a 'yar uwarta ta ɗaya ɓangaren, duk labari ɗaya ne. Tayoyin gaba biyu sun tafi.

Abin da ya sa na tsuguna na duba, daren Talatar da ta wuce ne. Ina aikin kula da tsofaffi a wajen Rochdale, kullum sai na bi babbar hanyar M62 na tsallake tsaunukan nan. Wanda ya san hanyar ya san wurin da nake nufi, can saman tudu kusa da mahaɗa ta 22, inda aka kafa allo cewa nan ne wuri mafi tsayi a manyan hanyoyin Ingila, mita 372. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Ban ma yi gudu ba, sai kawai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna, kamar an ɗaga gaban motar an ɗora a kan faranti. Daƙiƙa biyu ko uku ne, amma wallahi na karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na ɗage ƙafa daga totur, ban taka birki ba, har Allah Ya sa ƙafafun suka sake kama kwalta. Waɗannan ramukan da ke jikin taya aikinsu kenan, su kore ruwa gefe domin roba ta taɓa ƙasa. Idan suka cinye, ruwan ba shi da hanyar fita, sai motar ta hau kansa ta yi ta sulɓi.

Sannan ga doka. A nan dole zurfin zanen ya kai milimita 1.6 a tsakiyar tayar, kashi uku cikin huɗu na faɗinta, kuma duk kewayenta. Idan 'yan sanda suka kama ka da wadda ba ta kai ba, tarar tana iya kaiwa fam 2,500 da makin laifi uku a lasisi, kuma a kan kowace taya ɗaya ake lissafawa. Ku da kuka zo kwanan nan ku saurari wannan da kyau. Lasisinmu na gida wata 12 kawai yake yi maka aiki, daga nan sai ka ci jarrabawar tuƙi ta nan. Wanda kuma bai cika shekara biyu da cin jarrabawar ba, maki shida kacal ya tara a ƙwace lasisin, ya koma farko. Ni watana 14 da ci. Tayoyi biyu, maki shida. Babu lasisi, babu zuwa aiki, domin ƙarfe goma na dare ba motar haya da za ta kai ni inda nake zuwa a kan lokaci.

Da na shiga gida na zauna da uwargida muka buɗe lissafi. An cire kuɗin haya, an cire harajin kansil, inshorar mota ta fita, an tura wa su Hajiya na wata. Abin da ya rage wanda za a iya taɓawa fam 200 ne. Ta ce, “Baban Abba, ko a bari sai ƙarshen wata?” Na ce mata sauran dare tara ina bin hanyar nan kafin albashi ya shigo. Ta yi shiru, sannan ta ce in je in yi, Allah Ya rufa asiri.

Kafin ka je wurin kowa, ka fara karanta abin da ke rubuce a gefen tayarka. Ga tawa: 205/55 R16 91V. Lamba 205 faɗin tayar ne a milimita. Ita 55 tsayin gefen ne, wato kashi 55 cikin ɗari na wancan faɗin. R16 na nufin rim mai inci 16. Sai 91, nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka, kilo 615. V kuma iyakar gudun da aka yi ta dominsa, kilomita 240 a awa. Ba wanda zai yi wannan gudun da tsohuwar Toyota Auris irin tawa, amma kada ka sayi mai lambar nauyi ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Ka ɗauki hoton rubutun a waya, ya ishe ka.

Wuri na farko da na nufa, wani ɗan uwa ɗan Katsina ne ya yi mini kwatance: shagon tayoyin hannu, can bayan wasu tsofaffin masaƙu. Ina shiga warin roba ya buge ni, sai na ji kamar ina Ƙofar Ruwa a Kano. Tayoyi jibge har rufi. Mu da muka taso da taya 'yar Beljiyam ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mai faci ya buga ta da hannu, ya tofa yawu a bawul, ya ce maka “Alhaji wannan sabuwa ce fil.” Mai shagon ya mirgino mini guda biyu, sunan babban kamfani a jiki, ya ce fam 30 kowace har da ɗaurawa. Fam 60 ke nan. Raina ya biya ƙwarai, domin har na fara lissafin abin da ragowar 140 za ta yi a gida.

Sayar da irin waɗannan tayoyin halal ne a dokar nan, amma da sharuɗɗa. Dole zanen ya kai aƙalla milimita 2, kada a sami babbar tsaga ko kumburi ko waya a waje, kuma dole a buga mata tambarin PART-WORN a jiki, wato an taɓa amfani da ita. Na juya ta farko, na juya, ban ga tambari ba. Sai na nemi ranar haihuwarta. Ku matso ku ga yadda ake yi, zan nuna muku a tawa. Akwai layin da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ta shagon nan an rubuta 3816, wato mako na 38 a 2016. Na kunna fitilar waya na haska cikin ramukan, sai ga ƙananan tsage-tsage kamar faso a diddige lokacin hunturu. Robar ta bushe. Ta biyun ta fi ƙuruciya, amma da na zura hannu ciki na shafa, sai na ji faci dab da kafaɗar tayar. A nan ƙa'idar gyara ita ce a tsakiyar zanen kawai ake faci, gefe da kafaɗa ba a taɓa su, saboda wurin ne ke lanƙwashewa duk juyi ɗaya.

A cikin mota na zauna na yi lissafin da ya raba mini gardama. Mu bar maganar tsufa da faci, mu ɗauka lafiyarsu ƙalau. Zanensu milimita 4 ne. Doka ta tsaya a 1.6, saboda haka abin da zan ci a jiki 2.4 ne kawai. Fam 30 a raba da 2.4, kowace milimita ta tashi fam 12 da rabi. Sabuwar taya tana zuwa da wajen milimita 8, abin ci 6.4. Idan na same ta a fam 72, milimita ta tashi fam 11 da 'yan kwabbai. Ashe ta hannun ma ta fi tsada, kuma kafin bazara zan sake dawowa in biya wani kuɗin ɗaurawa. Ga shi ban san ramin da ta faɗa ba, ban san ko daga motar da ta yi haɗari aka ciro ta ba. Na yi wa mai shagon godiya na tafi. Ban ce kowace tayar hannu banza ce ba, akwai ranar da mutum ba shi da abin da ya wuce fam 30 ɗin, kuma gara ta da suɗaɗɗiya. Idan ranar ta zo maka, ka duba tambari, ka duba shekara, ka shafa ciki da hannunka kafin a ɗaura.

Da daddare na shiga intanet na sa lambar motata, farashi ya fito jere. Manyan, irin su Michelin da Continental da Goodyear, sun haura fam 95 kowace, biyu za su cinye kuɗin duka. Can ƙasa akwai masu sunayen da ban taɓa ji ba, wajen fam 50. A tsakiya kuma su Hankook da Kumho da Falken da Nexen. Abin da na bi na zaɓa shi ne takardar da ke liƙe a jikin kowace sabuwar taya. Abu uku take nunawa: cin mai, ƙara, da riƙon hanya a cikin ruwa, an ba cin mai da riƙon hanya harafi, A ce gaba. Ni wurin hoton girgije da ruwan sama kawai na zuba wa ido. Tsakanin mai A da ta can ƙarshen jerin, bambancin tsayawa idan ka taka birki a gudun kilomita 80 yana iya kai mita 18, tsawon motoci huɗu ke nan. A garin da ruwa ba ya sallama, wannan shi ne abin da nake biya. Masu fam 50 ɗin da na gani yawancinsu C ne ko D. Na sami ta tsakiya mai A a ruwa, C a cin mai, fam 72 har da ɗaurawa da sabon bawul da balansin da kuɗin zubar da tsohuwar. Ku riƙa tambayar wannan, domin wani farashin na taya ce tsirara, sai ka je a yi ta ƙara maka fam biyar-biyar.

To ga mu a garejin yanzu, kun ga an ɗaga ta. Na ɗan yi musu da bakaniken, domin ni a tunanina sababbin gaba za su, tunda gaban ne ya cinye kuma nan injin yake ja. Ya ce a'a, sababbi baya ake sa su, na bayan a dawo da su gaba. Dalilinsa, idan gaba ya sulɓe kana jinsa a sitiyari, kana ɗage ƙafa motar ta dawo hanya, kamar yadda ya faru da ni. Idan baya ne ya ƙwace a kwana, motar juyawa take yi gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ke iya tare ta ba. Kamfanonin taya ma shawarar da suke bayarwa ke nan. Nawa na baya suna da milimita 5, 'yan 2021 ne, za su yi aiki a gaba.

Ku kalli tsohuwar da ya ciro. Gefen waje da sauran zane, amma gefen ciki, wanda ba ka gani sai ka kwanta a ƙasa, ya yi sumul kamar tafin hannu. Ya ce saitin ƙafafun ne ya goce, wataƙila rami na faɗa ko na daki bakin titi. Idan ba a gyara ba, haka zai cinye waɗanda aka dawo da su gaba. Fam 35 ya ce. Na ɗan tsaya, na duba waya, na ce a yi. Biyu a 72 sun zama 144, da 35, 179 ke nan. Ragowar fam 21 mai zan sha da ita.

Saura iska. Kada ku bi lambar da ke jikin tayar, wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Ku buɗe ƙofar direba, ga 'yar takarda nan liƙe a jikin ginshiƙi, a wasu motocin kuma tana cikin murfin tanki. Da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Na ce ya duba mini safaya ma, ashe rabin iskarta ta fice tun ban sani ba, ya cika ta. Ya kuma ce in bi a hankali kwanakin farko, sabuwar roba tana da ɗan santsi kafin ta goge.

Ƙarfe tara saura, hadari ya sake haɗowa ta yamma, can inda za ni. Bari in ajiye wayar nan in ɗaura bel. Bismillah, sai na dawo.