Malamin da ke neman ƙuri'armu: me za mu tambaye shi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma.

Kwamitin ilimi ne ya ɗora mini bayani kan saƙon da ɗaya daga cikin masu neman kujerar kansila a unguwanninmu a nan Amurka ya aiko, yana neman ƙungiya ta mara masa baya. Da yawanku kun ga takardarsa a rataye a hannun ƙofa: ga hotonsa tsakiyar yara, an rubuta cewa ya daɗe yana koyarwa a makarantar gwamnati, ya zauna a hukumar makarantun gunduma, kuma yana aikin sa-kai a unguwa. Tun da takardar ta zaga nake jin ana cewa, ai malami ne, a ba shi kawai.

Na san inda wannan ƙauna ta samo asali. Sardauna ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa ya shugabanci Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano kuwa daga Bauchi ya koma kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya ajiye alli a 1950 ya rungumi siyasar talakawa. Mun tashi muna ganin malami a matsayin mutumin da ya san ciwon na ƙasa. Su ma mutanen ƙasar nan suna da nasu. A 1928 Lyndon Johnson ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a wani ƙaramin gari mai suna Cotulla a jihar Texas, kuma bai manta da su ba. Da ya zama shugaban Amurka, a watan Afrilun 1965 ya sa hannu a dokar tallafa wa makarantun firamare da sakandare, a gaban makarantar da ya fara karatu, malamarsa ta farko tana zaune a gefensa. Daga wannan doka aka sami kuɗin Title I da ake ba makarantun da 'ya'yan marasa ƙarfi suka yi yawa, kuma yaran wasunmu suna cin moriyarsa yau.

To amma mu ba yara ba ne. Mun ga waɗanda suka fito daga aji suka hau kujera, malamai suka yi watanni ba albashi a ƙarƙashinsu. Koyarwa dalili ce ta mu saurari mutum da kyau, ba ta isa mu miƙa masa ƙuri'a ido rufe ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan bawan Allah a rubuce take.

Ga abin da nake nufi. Zaman hukumar makarantu a bainar jama'a ake yin sa, kuma ana ajiye bayanin kowane zama, har da yadda kowane mamba ya jefa ƙuri'a. Kowa yana iya karantawa a intanet. Wannan hukuma ba ƙaramin iko ke gare ta ba: ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke ɗaukar shugaban makarantun gunduma, ita ke shata iyakar da ke nuna wace makaranta ɗanka zai je. Gwamnatin tarayya abin da take bayarwa bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin makarantu ba; sauran daga jiha yake fitowa da kuma harajin gidaje da filaye, wanda ko haya kake yi kana biyan sa a cikin kuɗin haya ba ka sani ba. Saboda haka mu duba: ran da aka kawo maganar rage malaman da ke koyar da Turanci ga sabbin zuwa, ina ya tsaya? Ran da aka so rufe wata makaranta a unguwar marasa galihu, me ya ce?

Maganar Turancin nan ina so in ɗan tsaya a kanta, don iyaye mata sun sha kawo kuka. Ranar rajista ana miƙo maka takarda a tambaye ka wane harshe ake yi a gida. Ka rubuta Hausa da alfaharinka, sai a yi wa yaro gwaji, wani lokaci a sa shi ajin masu koyon Turanci alhali a nan aka haife shi, Turancin ma ya fi ka. Wani kuma da ya iso jiya, yake buƙatar taimakon da gaske, sai a bar shi a bayan aji yana zare ido. Tun 1974 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Lau da Nichols, cewa dole makaranta ta taimaki yaron da bai iya Turanci ba, a 1982 kuma ta ce ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin takardun zama. Wanda ya yi koyarwa ta gaskiya zai amsa wannan ba tare da duba takarda ba. Idan ya fara kame-kame, mun ji amsa.

Aikin sa-kai ma a bincika. Ba wuya a gane mai zuwa ranar ɗaukar hoto da wanda masu shara da masu gadi suka san sunansa. A kuma tambaye shi abin da kujerar kansila za ta iya yi wa makarantu, tunda a wurare da yawa ba ita ke riƙe da su ba, kada a yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Game da roƙon nasa kuwa, amsar a fili take. Rajistarmu ta ƙungiyar agaji ce wadda ba ta biyan haraji, kuma doka ta hana irinmu goyon bayan ɗan takara. Abin dariya, Johnson ɗin da na yaba ɗazu shi ya kawo wannan doka a 1954 yana sanata. Abin da aka yarje mana shi ne mu gayyaci duk masu neman kujerar, mu ba su lokaci daidai wa daida, mu yi musu tambayoyi iri ɗaya. Kowa ya je ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai.

Ƙuri'a sai mai takardar ɗan ƙasa, kada wani ya jefa kansa cikin matsala. Amma zaman hukumar makarantu ba a tambayar fasfo a ƙofa. Kana rubuta sunanka, a ba ka minti biyu ko uku a gaban makirufo, kujeru kuwa galibi wayam suke. A 2015 birnin New York ya sa ranakun Sallah biyu cikin hutun makarantu, bayan iyaye sun shekara da shekaru suna nacin zuwa irin waɗannan wurare.

Ranka ya daɗe, kwamiti yana neman izini ya rubuta wa 'yan takarar duka. Muna kuma neman mutum uku, aƙalla ɗaya daga cikin iyaye mata, da za su karanta bayanan zaman hukumar su kawo mana rahoto a taro mai zuwa. Takardar rubuta suna tana wajen Sakatare.

Na gode. Wassalamu alaikum.