Takardar Tambayoyi Ko Zama Cikin Mutane?

Ladidi: Assalamu alaikum jama'a, daga unguwar Nima da ke Accra muke gaishe ku. Yau Nura ya shigo mana da takarda cike da tambayoyi, wai aikin makaranta aka ba su a Jami'ar Ghana da ke Legon kan yadda samarin zango ke samun abin kashewa. Malam Habu na dubawa sai ya kama dariya.

Malam Habu: Ba raini ba ne. Tambayar nan ce ta "nawa kake samu a wata". Nura, wa zai gaya maka gaskiya? Wani zai ɗauka 'yan haraji ne suka turo ka, ya rage. Wani kuma ya zaci tallafi za a raba, ya ce ko sidi ɗaya ba ya gani.

Nura: To Malam, in ban tambaya ba ta ina zan sani?

Malam Habu: Zama za ka yi. Akwai wani Bature ɗan Ingila, Keith Hart, a nan Nima ya zauna daga 1965 zuwa 1968 cikin 'yan ƙabilar Farafara da suka sauko daga arewacin Ghana neman kuɗi. Mutanen da a takarda za a rubuta musu "ba aiki", shi da yake kwana yana tashi da su ya ga ba haka ba ne. Mai albashi na da wata sana'a a gefe, wannan na talla, wancan na ba da rance, wasu ma harkar tasu ba ta faɗuwa gaban hukuma. Rubutunsa na 1973 na cikin abin da ya sa duniya ta fara lissafi da sana'o'in da ba su da rajista.

Ladidi: Amma Malam, shekara uku fa! Yaron nan hutu ɗaya gare shi.

Malam Habu: Ko wata guda ne ya fi babu. Ya zaɓi majalisar shayi ɗaya, ya riƙa zuwa kullum bayan isha'i. Da farko kowa zai gyara bakinsa saboda shi, wannan dole ne. Sai sun gaji da gyarawa aikin ke farawa. Ya lura wa ke biyan kuɗin shayi, wa ake kira a waya ya tashi da sauri, wa ke karɓar adashi. Kuma kada ya fito da biro a wurin. In ya koma gida ya rubuta kafin barci ya ɗauke shi, ya ware abin da idonsa ya gani daban, abin da yake zato daban.

Nura: Malaminmu ya ce mu tara mutum takwas ko goma mu yi hira a taro.

Ladidi: Nan kam ni zan yi magana. Ka haɗa dattijo da yaro a tabarma ɗaya, dattijo kaɗai za ka ji, yaron sai "haka ne Baba". Mata kuwa, ba za su buɗe maka baki kan kuɗinsu gaban maza ba. Deborah Pellow da ta yi bincike a Sabon Zango, unguwar da Malam Bako ya kafa a nan Accra, har tsarin gidaje ta bi, daga zaure zuwa cikin gida. Kai a zaure za ka tsaya. Ka nemi mace ta taya ka.

Nura: Ɗaukar murya fa, Anti? Wayata na aljihu, ba wanda zai lura.

Ladidi: A'a, wannan cin amana ne. Ka faɗa musu ko kai wane ne da inda maganar za ta je, wanda ya ƙi ka ƙyale shi, kuma ka canza sunaye. A Nima ma canza suna bai isa ba. Kana cewa "mai gyaran babur na bakin masallaci" an gane shi.

Nura: To takardar tawa in yaga ta ke nan?

Malam Habu: Ajiye ta tukuna. Ka je gaisuwa wurin sarkin unguwa da liman, ka yi zamanka, sannan ka dawo mu sake rubuta tambayoyin da kalmomin da ka ji samarin na amfani da su. Ta albashin wata dai, cire ta tun yanzu.