Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Janar Mai Ritaya, a Taron Tsoffin Sojoji a Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wakilin Mai Martaba Sarkin Zazzau, Allah ya ja zamanin Sarki. Malamanmu na Jami'ar Ahmadu Bello, 'yan uwana tsoffin sojoji, iyaye mata, barkanku da hallara.

Ranka ya daɗe Janar, sannunku da hanya. Soja ba ya baƙunta a Zariya. Depot ɗin da ke horar da kurata yana nan tun 1924, makarantar soja ta yara tun 1954, ga kuma barikin soja na Jaji da kuka wuce ɗazu a hanyar Kaduna. Gida kuka zo.

Mun roƙe ku ku yi mana magana kan abin da ya kamata soja ya tanada tun kafin 'yan ta'adda su kawo hari, da kuma iyakar ramuwa idan harin ya auku, har da batun amfani da makamin nukiliya. Wani zai ce ina ruwan Bazazzagi da zancen makamin nukiliya. Da ruwanmu. A Samaru, Cibiyar Binciken Makamashi ta jami'a tana riƙe da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, mai ƙarfin kilowat 30, wadda ta fara aiki a 2004. A 2018 aka cire mata yuraniyom mai tsananin tacewa, irin wanda ake ƙera bam da shi, aka mayar ƙasar Sin, don kada wata rana ya faɗa mugun hannu. An yi wannan aiki ba hayaniya, kuma a ganina irin tanadin da ya dace ke nan: a rufe ƙofa tun ɓarawo bai iso ba.

Manyan ƙasashe kuwa sun yi nisa a tunanin ramuwa. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya ci rayuka kusan 3,000 a Amurka, wani rahoton sirri na ma'aikatar tsaronsu da ya fita a 2002 ya ambaci ƙasashe bakwai da ake tanadin yiwuwar amfani da nukiliya a kansu. A Janairun 2006 shugaban Faransa Jacques Chirac ya nuna cewa ƙasar da ta ɗaure wa ta'addanci gindi a kan Faransa na iya fuskantar irin wannan martani. Abin da ke damuna shi ne, ɗan ta'adda ba shi da birni, ba shi da fada. A cikin talakawa yake ɓuya. Bam ɗin da ya faɗa Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945 bai tambayi waye soja waye jariri ba. To, a kan wa za a jefa?

Ba sai mun je nesa ba, ranka ya daɗe. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojojinmu ya faɗa wa masu Mauludi a ƙauyen Tudun Biri na jihar Kaduna bisa kuskure, aka rasa mutane fiye da 80. Allah ya jiƙansu. Ƙaramin makami ke nan, a hannun 'ya'yanmu da ke neman kare mu. Mu da muka sa kaki mun san yadda zuciya ke tafasa idan an kashe na kusa, shi ya sa muke so a rubuta ƙa'idar ramuwa tun ana cikin natsuwa, a fayyace wanda zai ba da umurni da irin hujjar da za a tabbatar kafin a harba.

Nijeriya tana da bakin magana a nan. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya da Faransa ta yi a Saharar Aljeriya, kuma muna cikin yarjejeniyar Pelindaba da ta haramta makamin a Afirka.

Ƙananan hafsoshi na zaune a bayan zauren nan, Janar, kuma su za su riƙe umurni gobe. Muna roƙonku ku faɗa musu abin da kuka gani a fagen daga. Bismillah, ranka ya daɗe.